Kwaɗon bishiya a zafin Sakkwato: yadda muka yi da amanar da aka bar wa yaro

A ƙarshen watan Fabrairu, hunturu na tattara komatsansa, ɗan ƙanwata ya shigo gidanmu na Runjin Sambo rungume da akwatin gilashi, abokinsa na biye da shi da leda cike da tarkace. Shekarunsa 13. Maƙwabcinsu ne, wani likita da ya daɗe yana aiki a garin nan, aka yi wa canjin wurin aiki, ya ga ba zai iya doguwar tafiya da abin ba, ya bar wa yaron da ya saba zuwa kallonsa kullum. Mahaifiyarsa ta ce ba dai a ɗakinta ba, don tana da goyo da mai rarrafe. Sai aka yo gidan Inna, inda nake zaune.

A kusurwar akwatin, can sama, wani kwaɗo ne manne da gilashi, kore shar, jikinsa sumul kamar an shafe shi da mai, ya naɗe ƙafafunsa a ƙarƙashin ciki. Ta wajen gilashin kana ganin tafin kowane yatsa ya baje kamar ƙaramin faifai. Inna ta leƙa, ta ja da baya, ta ce wa jikanta, "Maigida, wanga kuma mi ka kawo muna? Kwaɗo cikin gilas?"

Ni malamin kimiyyar halittu ne a makarantar sakandare, don haka nauyin ya faɗo kaina. Na rubuta abin da ya gudana cikin wata biyar na farko ne saboda kusan duk bayanin da ake samu a intanet kan kiwon irin wannan kwaɗo mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta shi. Damuwarsu yadda za a ɗumama akwati. Mu a nan damuwarmu akasin haka ce, kuma ta kusa cinye mana dabbar.

Wane irin kwaɗo ne

Ba irin namu na bakin rijiya ba ne, ba kuma burduddugin fadama ba. Asalinsa arewaci da gabashin Ostareliya ne da kudancin tsibirin Niyu Gini. Masana sun daɗe suna kiransa Litoria caerulea. Wani likita Bature mai suna John White ne ya fara bayaninsa a rubuce a 1790, shi ya sa masu kiwo ke jingina sunan kwaɗon gare shi. Kalmar caerulea na nufin shuɗi, alhali kwaɗon kore ne. Dalili shi ne waɗanda aka aika Ingila an jiƙa su a ruwan adana gawar dabbobi, ruwan ya cinye launin rawaya na saman fatar, shuɗin ƙasa ya bayyana. Babbansa kan kai santimita 10 ko ya ɗan ɗara, kuma a hannun mai kula yakan yi shekara 15 har zuwa 20. Wannan lissafi shi ya fara tsaya mini a rai. Yaron da ya karɓe shi yana aji biyu na ƙaramar sakandare zai iya gama jami'a, ya yi aure, kwaɗon na nan.

Tun a ranar na faɗa wa yaron ra'ayina, kuma har yau ban canza ba: ba zan ba kowa shawarar ya sayi wannan dabba ya kawo ta Sakkwato ba. Amma wanda ya riga ya shigo hannunka ya zama amana. Babu wanda bai san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Akwai kuma ruwayar Abu Dawud cewa wani mai magani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sanya kwaɗo a cikin magani, sai ya hana kashe shi. Da Inna ta ji wannan ta biyun sai ta daina cewa a kai shi bola.

Kwana tara bai ci komai ba

Washegari yaron ya zo da sassafe kafin makaranta, ya tarar koren nan ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Hankalinsa ya tashi.

"Kawu, ya canza! Ko ciwo shikai?"

Sauya launi daga kore zuwa ruwan ƙasa al'adar wannan kwaɗo ce, yana bin zafi da haske da danshi da kuma halin da yake ciki. Shi kaɗai ba alamar ciwo ba ne. Abin da ya fi damuna shi ne yadda yaran unguwa suka yi ta sintiri, wannan ya ƙwanƙwasa gilashi, wancan ya haska shi da fitilar waya, wani ya ce a ciro shi ya taɓa. Dabba ce ta dare. Da rana barci take yi, kuma an ɗauko ta daga ɗakin da ta saba, an girgiza ta a hanya, an ajiye ta a tsakar gida mai hayaniya. Na mayar da akwatin ɗakin da nake ajiye littattafai, na rufe ɓangarori uku da kwali, na hana kowa shiga sai mai shi. Na kuma hana mai shin ɗaukarsa har tsawon mako biyu.

Akwatin mai tsayi ne, santimita 60, faɗinsa 45, da murfin raga a sama. Wannan daidai ne, domin kwaɗon bishiya hawa yake so, tsayi ya fi masa amfani a kan faɗi. Likitan ya shimfiɗa masa garin ɓawon kwakwa a ƙasa, da reshe biyu, da ganyen roba. Na kwashe shimfiɗar na sa farar takardar goge hannu mai danshi, don in riƙa ganin kashinsa. Wanda bai taɓa kiwon ƙaramar dabba ba zai ga kamar wannan ƙazanta ce, amma da kashin ake gane ko tana ci, ko akwai tsutsa, ko cikinta ya ɗaure. Na sa yaron ya sayi littafin rubutu mai shafi 40, kullum ya rubuta zafin ɗaki safe da azahar da dare, da abin da aka ba shi, da abin da ya ci. Muka aro ƙaramin sikeli na masu yin kek muka auna shi a cikin roba: giram 52.

Sai a dare na tara ya ci. Mun kashe fitila mun bar 'yar ƙarama daga nesa, muka saki gyare guda. Kwaɗon ya daɗe yana kallonsa, ƙwayar idonsa da ke a kwance da rana kamar tsaga ta buɗe ta cika idon. Sai ya faɗa masa gaba ɗaya da baki buɗe, ya sa hannu biyu ya tura sauran ƙafafun ciki, sannan ya runtse idanu har suka nutse cikin kansa. Yaron ya riƙe mini hannun riga. Na gaya masa da idanun yake taimaka wa kansa haɗiya, suna danna abincin zuwa maƙogwaro. Ya ce in bari ya rubuta wannan ma.

Fatar ita ce komai

Abin da ya fi wuyar shiga kan mutanen gida shi ne kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Zama yake a cikin ruwa, fatar cikinsa da ta cinyoyinsa ta tsotse. Da fatar kuma yake wani ɓangare na numfashinsa. Ma'ana duk abin da ya taɓa jikinsa kamar ya sha shi ne. Daga nan dokokin gidan suka fito, kuma kowace sai da aka yi gardama a kanta.

Ruwan famfo da aka tace ana sa masa sinadarin kulorin don kashe ƙwayoyin cuta. Alheri ne gare mu, amma yana ƙona fatar kwaɗo. Ruwan 'yan garuwa kuma ba ka san abin da jarkar ta taɓa ɗauka ba kafin ta zama ta ruwa. Muka tsaya a kan ruwan burtsatse na maƙwabta, muna zuba shi a sabon bokiti mu rufe da ƙyalle ya kwana biyu kafin amfani. Yana barin farin tabo a gilashi in ya bushe, abin da ba baƙo ba ne a yankin da ke kan dutsen farar ƙasa irin wanda ake yin siminti da shi a Kalambaina, amma kwaɗon bai nuna wata damuwa da shi ba. Tasar ruwansa mai faɗi ce marar zurfi, in ya zauna ruwan ya tsaya masa a haɓa, domin kwaɗon bishiya ba gwanin iyo ba ne. Kullum da safe ake canzawa, saboda a ciki yake bayan gida.

Sai hannu. Lokacin hunturu ne ya wuce, kowa hannunsa da basilin ko man kaɗanya, ga sabulu, ga turare, ga yaji in an taso daga cin abinci. Doka ita ce in dole sai an ɗauke shi, a wanke hannu, a ɗauraye sosai har sabulu ya fita, a bar hannun a jiƙe. In an gama a sake wankewa da sabulu, domin kwaɗi kan ɗauki ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. A nan na ga gaskiyar ƙanwata da ta hana a ajiye shi kusa da mai rarrafe.

Mafi zafin gardamar ita ce ta hayaƙi da feshi. Gidan Bahaushe ba ya rabuwa da turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa, da fiya-fiya da ake yayyafawa a kusurwoyi. Wannan na ƙarshen guba ce da ke kama jijiyoyi, kuma abin da zai kashe kyankyaso a ƙarƙashin gado ba zai bar dabba mai numfashi da fata ba. Na roƙi Inna a keɓe ɗakin nan guda. Ta ce, "To sauro fa? Mu zamna su cinye mu don kwaɗo?" Na sa raga a tagar ɗakin, na sayo mata sabon gidan sauro, aka wuce wurin.

Abinci ya ba mu aiki fiye da yadda na zata. Ba ya cin abin da ba ya motsi, don haka soyayyar fara da ake sayarwa a bakin hanya ba ta da amfani a gare shi, ga gishiri ga yaji. Kyankyason gida ba mu san gubar da ya bi ta kai ba. Farar gonakin fadama kuma tana cikin feshin da manoman albasa da tumatir ke yi. Dole muka koma kiwon gyare da kanmu. Mun kamo kimanin ashirin a wani kango da ba a noma, muka zuba su a babban bokitin fenti da aka wanke tas, da kwalin ƙwai don su ɓuya, da gwangwanin yashi mai danshi don su yi ƙwai. Abincinsu dusa ce da ɗan abincin kaji da ɓawon karas da ganyen zogale. Abin da gyare ya ci shi kwaɗo zai samu, saboda haka ba a barin su da yunwa. Ba a ba shi wanda ya fi tazarar da ke tsakanin idanunsa faɗi. Uku ko huɗu, bayan kowane kwana biyu ko uku, da dare.

Ƙwari ba su da isasshen sinadarin kalsiyam, kuma kwaɗon da aka daɗe ana ba shi su haka nan ƙashinsa kan yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, ƙafafu su kasa ɗaukarsa. A ledar da likitan ya bari akwai 'yar robar garin kalsiyam mai haɗe da bitamin D3. Ana jefa gyaren a leda da ɗan garin a girgiza, su fito fari fat kamar an tsoma su a fulawa. Da ya kusa ƙarewa sai da muka yi saƙo daga Legas. Ɗaya matsalar kuma ƙiba ce. Wannan kwaɗo ba ya cewa ya ƙoshi. Akwai tudun fata a saman kunnensa, in ya fara rufto wa kunnen to abinci ya yi yawa. Sau biyu na kama yaron yana ƙara masa a ɓoye don abokai su ga yadda yake cafka.

Ranar da zafi ya kusa kashe shi

Abin da ban yi lissafinsa da kyau ba shi ne gidan likitan akwai na'urar sanyaya ɗaki da wutar sola. Kwaɗon bai taɓa sanin bazarar Sakkwato ba. Zafin da ya dace da shi da rana tsakanin digiri 24 ne zuwa 29, da dare ya ɗan sauka. Mu kuwa daga tsakiyar Maris zuwa Mayu zafin gari kan haura 40, iska kuma busasshiya ƙayau. Littafin yaron ya nuna mana abin yana tafe: 31, 33, 34 da azahar. Muka ƙara feshin ruwa da kwalbar feshi irin ta masu aski, safe da rana da dare, muka kunna fanka. Na ɗauka hakan zai isa, tunda a ƙasarsu ma yana rayuwa a wurare masu zafi, har fatarsa na fitar da wani maiƙo da ke rage masa bushewa. Abin da na manta shi ne a can yana da zaɓi. In rana ta take yakan shige kogon bishiya, ko tankin ruwa, ko bututun bayan gida. A cikin gilashi babu inda zai gudu.

Wata Asabar a cikin Afrilu aka ɗauke wuta tun hantsi. Na fita ɗaurin aure, ban dawo ba sai bayan azahar. Tun daga zaure na ji muryar yaron yana kirana. Ɗakin rufin kwano ne, silin ɗinsa ya tsufa, ina buɗe ƙofa hucin ya doke ni kamar bakin tanda. Ma'aunin cikin akwatin na nuna 38. Kwaɗon ya sauko daga kusurwarsa yana kwance cikin tasar ruwa, ruwan kansa ya yi ɗumi. Ya yi duhu, ƙafafun baya sun saki a miƙe, maƙogwaronsa na bugawa da sauri. Da na taɓa bayansa sai na ji fatar tana kama yatsa kamar ƙaro. Bai ko motsa ba.

Yaron ya ruga zai sayo ƙanƙara. Na tsayar da shi. Dabbar da zafin jikinta ke bin na wurin da take, in ka fitar da ita daga 38 ka jefa cikin ruwan ƙanƙara, sauyin kaɗai na iya ƙarasa ta. Na ce ya ɗebo ruwan bokitinsa ya surka da na randa. Muka zuba kaɗan a roba mai murfi da muka huhhuda, iya haɓarsa, muka ɗora shi a ciki, muka kai rumfar da Inna ke ajiye randunanta, muka ajiye a kan jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashinsu. Bayan kowane minti goma muna ƙara ruwan randa kaɗan. Yaron na tsugune yana ta salati a hankali. Aka kira la'asar, muka je muka dawo. Da muka ɗaga murfin sai muka ga ya janyo ƙafafunsa ya naɗe. Kafin magariba ya hau bangon robar ya manne.

Inna tana zaune a kan tabarma tana kallonmu tun farko. Ita ce ta ce, "Wanga ɗaki ko mutum ba ya wuni cikinai, balle abin ruwa. Ku da kuka yi boko, ba ku ga abin da randa ka yi ma ruwa ba? Ku sa shi cikin tukunya mana."

Maganarta ta tuna mini da tukunya cikin tukunya, dabarar da Malam Muhammad Bah Abba, wani malami daga Jigawa, ya yaɗa a ƙauyuka don adana tumatir da gauta da alayyafo ba tare da wuta ba, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Na sha koya wa ɗalibai ita a aji. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin. Ruwan na tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, yana tafiya da zafin ciki. Iya bushewar iska iya ƙarfin sanyin, wato bushewar nan ta bazara da ke neman halaka kwaɗon ita ce kuma za ta sa dabarar ta yi aiki.

Washegari muka je kasuwa wajen masu tukwane muka zaɓo biyu sababbi, marasa fenti, waɗanda ba a taɓa zuba komai a ciki ba. Muka wanke yashin kogi, muka haɗa. A cikin ƙaramar muka sa tasar ruwa da guntun reshe. Bakin muka ɗaure shi da raga da igiyar roba, sannan muka yafa jiƙaƙƙen buhun algarara ya rufe rabi, rabi a buɗe don iska. Ban sa kwaɗon ba sai da na gwada kwana guda da ma'auni kaɗai a ciki. Da ƙarfe uku na rana rumfar na nuna 40, cikin tukunyar 28.

Daga ranar tsarin ya zama haka: da hantsi, kafin yaron ya tafi makaranta ko ni kafin in fita, a mayar da shi tukunya, a jiƙa yashi. Da azahar Inna ta ƙara wa yashin ruwa da buta, ita da ta ce a kai shi bola. Bayan isha'i, in gari ya ɗan sarara, a mayar da shi akwatin gilashi, wanda shi ma muka fitar da shi daga ɗakin kwano zuwa rumfar, don ya samu wurin hawa da farauta. Don a rage taɓa shi, da reshen ake ɗaukarsa in yana kai. A zahiri kogon bishiya muka gina masa da yumɓu.

Jan cinya

Gyaran wata matsala ya haifar da wata. Cikin tukunya akwai danshi fiye da kima, iska ba ta zagayawa sosai, yumɓu kuma yana shan ƙazanta, ba ya wankuwa kamar gilashi. Wannan kwaɗo ya fi son danshi matsakaici, kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari, ya ɗan bushe tsakanin feshi da feshi. A mako na uku na Mayu, yana manne da gilashi da dare, na haska cikinsa na ga ƙasan cinyoyinsa ya yi ja fiye da yadda na saba gani. Kwana biyu kuma bai ci ba. Masu kiwon kwaɗi na tsoron abin da suke kira ciwon jan ƙafa, wanda ƙwayoyin bakteriya irin su Aeromonas ke haddasawa a wuri mai ƙazanta, kuma yana kisa cikin 'yan kwanaki.

Ban tsaya gwaje-gwajen gida ba. Wani ya ce a sa masa gishiri a ruwa, wani ya ce a fasa kafso a barbaɗa. Duka biyun na iya kashe shi. Muka sa shi a roba da jiƙaƙƙiyar takarda, muka naɗe robar da jiƙaƙƙen tawul, muka hau Keke Napep da sassafe zuwa wajen likitan dabbobi. Sakkwato gari ne na likitocin dabbobi, tunda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da tsangayar koyar da su, sai dai aikinsu na yau da kullum shanu ne da tumaki da raƙuma da kaji. Wanda muka samu ya faɗa mana gaskiya cewa wannan ne kwaɗonsa na farko. Ya sa safar hannu ya jiƙa ta, ya duba shi da kyau, ya auna shi, ya buɗe littattafansa, ya kira wani abokin aikinsa, sannan ya lissafa maganin kashe ƙwayoyin cuta daidai nauyinsa, wanda ake ɗigawa a bayansa fata ta sha. Ba zan rubuta suna ko adadin maganin a nan ba, don kada wani ya kwaikwaya ba tare da awo ba. Nauyinsa a ranar giram 47.

Kwana goma yana cikin robar jinya a kan farar takarda da ake canzawa safe da yamma. A rana ta biyar ya ci gyare ɗaya. Jan ya dushe a hankali. Muka sayo ƙaramar tukunya ta biyu, ana amfani da ɗaya, ɗayar an wanke ta da tafasasshen ruwa ba sabulu tana shanya a rana, bayan kwana uku a musanya. A ƙasan tukunyar kuma muka riƙa sa farantin roba da takarda, don kada kashinsa ya taɓa yumɓun.

Maganar aboki, da maganar saki

Da damina ta kankama yaron ya bi abokansa fadamar Kwalkwalawa, ya dawo da wani ɗan mitsitsin kwaɗo a gwangwani, bai kai kan babban yatsa ba, wai ya samo wa nasa abokin hira. Irin ƙananan kwaɗin ciyawa ne na yankinmu, masu tafin yatsu kamar nasa. Akwai wani daga cikinsu, Hyperolius nitidulus, da ƙananansa ke cinye rani a manne da ciyawa a fili, fatarsu ta koma fara kamar alli tana mayar da hasken rana. Kullum in na tuna da shi sai in ga namu na gida sun fi cancantar a kai yara su gan su a inda Allah ya ajiye su, a kan a sayo na wata nahiya a kulle.

Na ce ya mayar da shi inda ya ɗauko shi a ranar, kuma kada ya kusantar da gwangwanin da akwatin. Dalili na farko, babban zai haɗiye shi, domin duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne, har ɗan'uwansa kwaɗo. Na biyu, cuta. Akwai wata fumfuna mai kama fatar kwaɗi, Batrachochytrium dendrobatidis, da aka yi bayaninta a 1999, ta ƙarar da nau'o'in kwaɗi da dama a Ostareliya da Amurka ta Tsakiya, kuma fataucin kwaɗi daga ƙasa zuwa ƙasa na cikin hanyoyin da ta bi ta yaɗu. Ko na gida ya sa wa baƙo wani abu, ko baƙo ya sa wa na gida.

Wannan dalilin ne kuma ya sa na ƙi shawarar wani abokina da ya ce mu huta, mu kai shi bakin Rima mu sake shi. In ya mutu a ranin farko, mun yi abin da aka hana. In ya rayu, mun saki baƙuwar dabba da abin da take ɗauke da shi cikin ruwan da kwaɗinmu ke hayayyafa. Ƙasarsa ta asali ta ɗanɗana irin wannan: a 1935 aka kai wani babban kwaɗo mai dafi daga Hawayi zuwa gonakin rake na jihar Kwinslan a Ostareliya don ya ci ƙwari, ya bazu, har yau yana kashe macizai da guza da sauran dabbobin da suka haɗiye shi. Ko ruwan tasarsa ba ma zubarwa a kwata, a busasshiyar ƙasa muke zubawa inda rana za ta ƙone shi.

Inda muke yanzu

Daren da aka yi ruwan sama mai ƙarfi na farko a Yuni, kwanon rumfa na ta ƙara, sai muka ji wani kuka mai kauri daga akwatin, kamar ana jan zarto a kan busasshen katako, yana maimaitawa. Fatar maƙogwaronsa, wadda dama na lura tana da duhu da tattara, ta kumbura. A nan muka tabbatar namiji ne. Tun daga lokacin ko injin markaɗen maƙwabta aka tayar yakan amsa.

Da iska ta yi laima tukunyar ta rage sanyi, kamar yadda aka zata, amma zafin gari ma ya sauka, sai muka jingine ta, yana wuni a akwatinsa a rumfa. Mun mayar masa da garin ɓawon kwakwa, ana kwashe kashi kullum, a canza duka a ƙarshen wata. Kusan kowane mako yana saɓa, ya ja tsohuwar fatar da hannu zuwa baki ya cinye. Awon ƙarshen Yuli ya nuna giram 55. Littafin farko ya cika, an shiga na biyu.

Abu biyu ke gabanmu. Hunturu zai zo da ƙura da bushewa da daren da zafi kan sauka ƙasa da digiri 18, don haka zai koma ɗaki, a rufe rabin ragar, a ƙara feshi. Sannan mahaifin yaron na maganar kai shi makarantar kwana in ya gama aji uku. Na tambaye shi wa zai riƙe kwaɗon in hakan ta faru. Ya ce ya riga ya fara koya wa ƙanwarsa mai shekara 10 yadda ake karanta ma'auni da girgiza gyare a leda, kuma ranar Juma'a ita ce za ta canza ruwan tasa, shi yana tsaye yana kallo.